Rumbun Hayaƙi

Hausawa na cewa ajiya maganin wata rana, kuma duk ajiyar da kakanninmu suka sani ta abin so ce: hatsi a rumbu, kuɗi a asusu, zinariya a ƙarƙashin adaka. Mai ajiya yakan ɓoye abu ne domin ya dawo ya same shi. A wannan zamani kuwa, duniya ta shiga neman wata irin ajiya da ba a saba da ita ba, wato a ɓoye abu da fatan kada ya sake fitowa har abada. Abin da ake son ɓoyewar shi ne iskar da masana ke kira kabon dayoksaid, wadda zan riƙa kira iskar kabon a taƙaice. Ita ce ke fita duk lokacin da aka ƙona fetur ko dizal ko gawayi ko itace. Ba ta da launi, ba ta da wari, amma idan ta taru a sararin sama takan riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki. Kafin zamanin injuna, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar duniya kashi 280 ne nata. Yau ta haura 420.

Rumbuna biyu masana suka nuna wa duniya. Na farko a ƙarƙashin ƙasa yake: a tare iskar tun daga bakin bututun masana'anta, a matse ta har ta yi kauri, a tura ta cikin rijiya mai zurfin gaske, ta shige ƙofofin dutse ta zauna. Na biyu kuwa a bisa ƙasa: bishiya tana shaƙar wannan iska ta ganyenta, ta mayar da ita itace da saiwa, wani kaso kuma ya koma cikin ƙasar gona. Duka biyun an gwada su a sassa daban-daban na duniya, an auna, an ga inda suka riƙe da inda suka yi yoyo. Tambayar da ta daɗe tana cin raina, a matsayina na wanda aka raina da albashin masana'anta, ita ce wannan: idan aka zo mana Kano da maganar nan, ina namu rumbun yake, kuma wa zai yi gadinsa?

Kano tana da manyan rukunonin masana'antu guda uku. Bompai ce babba a shekaru, tana arewa maso gabas da tsohon birni. Sharaɗa tana kudu. Challawa kuma can gaba a ƙaramar hukumar Kumbotso, daf da kogin da ta ci sunansa. A cikinsu ake jimar fata, ake narka roba, ake tatsar mai, ake yin sabulu da alewa da lemon kwalba. Da yawa daga kamfanonin sun rufe tun bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, musamman masaƙu, waɗanda suka rage kuwa rabin numfashinsu a hannun janareta yake, domin wutar gwamnati baƙuwa ce mai zuwa ba sallama, ta tafi ba ban kwana. Mahaifina ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana kula da janaretan wani kamfanin roba a Sharaɗa. Yana da wani littafi mai baƙin bango inda yake rubuta duk duron man dizal, wanda mu a Kano muke kira gas, da aka ɗura wa injin. Idan aka ɗauke wuta tun magariba, kafin asuba injin yakan sha duro biyar, kowane duro lita 200.

Sai da na girma na yi karatu sannan na iya karanta abin da littafin nan ke faɗa a ɓoye. Kowace litar dizal idan ta ƙone tana haifar da iskar kabon kusan kilo 2.7, fiye da nauyin man kansa, domin kabon ɗin da ke cikinsa yana haɗuwa da iskar oksijin ta sarari. Duro biyar ke nan sun tashi tan 2.7 a dare ɗaya, daga inji ɗaya, a kamfani ɗaya. Da na yi masa wannan lissafi, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni, "To, duk wannan kayan ina yake zuwa?" Na ce, "Sama yake tafiya, Baba." Ya kaɗa kai ya ce, "Kai ma ka sani, abin da ya tafi sama bai ɓata ba, ranar saukowa yake jira."

Adalci ne a faɗa cewa ba Kano ce ta cika sararin duniya da hayaƙi ba. Idan aka raba, abin da ɗan Nijeriya ɗaya ke fitarwa a shekara bai kai tan guda ba, alhali na Ba'amurke ɗaya ya haura tan 10. Sai dai zafi ba ya tambayar wanda ya hura wutar, kuma yankin da ya ɗanɗana farin 1973 da na 1984 ya san abin da kaucewar damina ke nufi. Bugu da ƙari, a watan Nuwamba na 2021, a taron sauyin yanayi na birnin Glasgow, Nijeriya ta yi alkawarin cewa nan da 2060 abin da take fitarwa ba zai wuce abin da take iya mayarwa ajiya ba, kuma a cikin watan aka sa hannu a dokar sauyin yanayi ta ƙasa. Alkawari irin wannan yakan jawo dillalai. Za a zo da takardu da kuɗi a ce a ba mu fili mu binne, ko a ba mu gona mu dasa. Gara mu fahimci hajar tun kafin a miƙo mana alƙalami.

Rumbun ƙarƙashin ƙasa yana da sharuɗɗa masu tsauri. Dole a samu dutse mai ƙofofi kamar soso, irin dutsen yashi, a zurfin da ya kai mita 800 ko fiye, domin a nan ne matsi da zafi ke sa iskar ta dunƙule ta ci wuri kaɗan. Dole kuma a samansa a samu wani shimfiɗaɗɗen dutse marar ƙofa da zai zama murfi. A tekun ƙasar Norwe, a filin gas na Sleipner, tun 1996 aka fara tura kusan tan miliyan ɗaya a shekara cikin irin wannan dutse, bayan gwamnatin ƙasar ta ɗora haraji a kan iskar kabon a 1991. Amurka kuma ba ta tsaya ga labarin Norwe ba. A 2003 ma'aikatarta ta makamashi ta kafa ƙungiyoyin haɗin gwiwa bakwai, kowacce da yankinta, aka ce kowa ya binciki ƙasarsa, ya yi ƙananan gwaje-gwaje a rijiyoyi da dazuzzuka da gonaki kafin a yi maganar babban aiki. Daga cikin wannan shiri ne aka tura tan miliyan ɗaya cikin dutsen yashi mai zurfin kusan kilomita biyu a garin Decatur na jihar Illinois, tsakanin 2011 da 2014. Abin da na ɗauka a tsarin nasu shi ne, ba su yarda nasarar wani yanki ta zama shaidar wani ba. Kowace ƙasa da halinta, kuma gani ya kori ji.

Gwajin da ya fi kusa da mu an yi shi ne a hamadar Aljeriya, a yankin In Salah, ɗaya daga cikin zangunan da ayarin raƙuma ke ya da zango a tsohon cinikin da ya haɗa ƙasar Hausa da arewacin Afirka. Daga 2004 aka riƙa raba iskar kabon da gas ɗin da ake haƙowa, ana mayar da ita ƙasa a zurfin da ya doshi kilomita biyu, har aka tura kusan tan miliyan 3.8. Ana cikin haka taurarin ɗan'adam suka nuna cewa doron ƙasa a saman rijiyoyin yana ɗagowa da 'yan milimitoci a shekara, bincike kuma ya nuna alamun matsin ya fara tsaga dutsen da ke ƙasan murfin. A 2011 aka dakatar da turawa. Ni ban ɗauki wannan a matsayin abin kunya ga masu aikin ba. Ai sun ga alamar ne saboda sun zuba ido, suka kuma tsaya saboda sun gaskata ma'auninsu. Wanda yake son ya san dalilin wannan taka-tsantsan ya tuna Tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, inda a daren 21 ga Agusta, 1986 iskar kabon da ta taru a ƙasan tafkin ta fashe ta gangara kwari, ta shaƙe mutum fiye da 1,700 da dabbobinsu. Wannan ba aikin ɗan'adam ba ne, kuma rijiyar ajiya ba tafki ba ce, amma ya nuna cewa iskar da ba a gani tana bukatar mai gadin da ba ya gyangyaɗi.

To, me ke ƙarƙashin Bompai da Sharaɗa da Challawa? Duk mai haƙar rijiyar burtsatse a Kano zai ba da amsa ba tare da ya buɗe littafi ba. Bayan jar ƙasa da marmara da ruɓaɓɓen dutse, tun ba a yi nisa ba bakin injin yakan ci karo da tsohon dutse mai tauri, wanda ruwa ma sai a tsagoginsa ake samu. Birnin Kano a kan wannan falalen dutse yake zaune, ba shi da ƙofofin soso, ba shi da murfi. Shimfiɗun yashi da laka masu kauri, waɗanda suka taru tun zamanin da ruwa ya rufe wuraren, suna can nesa: kwarin Tafkin Cadi a Borno, kwarin Gongola inda aka ƙaddamar da haƙar man Kolmani a 2022, kwarin Sakkwato, sai kuma uwa-uba Neja Delta. Akwai wata dabara da aka gwada a tsibirin Aislan, inda ake narkar da iskar a ruwa a tura ta cikin baƙin dutsen aman wuta ta zama dutse cikin shekara biyu, amma kowane tan ɗaya yana shan ruwa kusan tan 25, mu kuwa ruwan sha ma a kura ake turo mana shi.

Akwai kuma matsala ta biyu. Tare iskar kabon ba ya biyan kuɗinsa sai a babban bututu guda mai fitar da ita da yawa. Hayaƙin Kano a warwatse yake, a bakin ɗaruruwan janaretoci da tukwanen tururi, kowanne a bayan katangarsa. Idan har wata rana za a yi gwajin binnewa a Arewa, hankali ya fi kai mutum ga masana'antun siminti na Kalambaina a Sakkwato ko Ashaka a Gombe, domin a can dutsen farar ƙasa da ake gasawa shi kansa yana fitar da iskar kabon, kuma suna zaune a kan shimfiɗun da suka cancanci a bincika. Ko a can ma sai rijiyar gwaji ta yi magana. Mu dai a Kano, wanda duk ya zo ya ce zai binne hayaƙin Sharaɗa a ƙarƙashin Sharaɗa, a tambaye shi da kyau me yake sayarwa.

Ko da a ce dutsen namu ya dace, akwai abin da zai sa in yi jinkiri, kuma ba a ɓoye yake ba. Ruwan da masana'antun Bompai ke zubarwa yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya wuce madatsar Wasai. Na Sharaɗa yana bin Salanta. Shi da na Challawa su tarar da kogin Challawa, wanda birni ke sha daga gare shi a Tamburawa. Shekara da shekaru masu bincike a jami'o'inmu suna auna wannan ruwa suna samun sinadarin kuromiyam na jimar fata da sauran ƙarafa masu cutarwa, manoman rani kuma suna ban ruwan latas da kabeji da shi. Wannan datti ne mai launi, mai wari, wanda makaho ma ya san ya iso gefensa, amma ya gagare mu tsarewa. Ajiya amana ce, kuma ana gane mai riƙon babbar amana ne daga yadda ya riƙe ƙarama. Garin da bai gama da dattin da hanci ke ji ba, da wane ido zai yi gadin wanda sai na'ura ke gani, na tsawon shekara ɗari ko dubu?

Saura rumbu na biyu, wato bishiya, kuma a nan ma ba a rasa manyan alkawura ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 da ajiye tan miliyan 250 na kabon nan da 2030. Nijeriya ta kafa wa shirin hukuma ta musamman a 2015, Kano kuma tana cikin jihohi 11 da ya shafa. Buri ne mai kyau, sai dai dashe daban, rayuwar abin da aka dasa daban. Muna makarantar sakandare aka taɓa kwasar mu zuwa bikin dashen bishiyoyi da wani kamfani ya ɗauki nauyi a gefen titi a Sharaɗa. An kafa rumfa, an yi jawabai, manya sun durƙusa sun riƙe tsiro an ɗauki hoto, mu kuma aka raba mana hula. Ba a ce ga wanda zai yi ban ruwa ba, ba a kewaye ko ɗaya da ƙaya ba. Kafin a gama sanyin hunturu awaki sun yi kalaci da su. Ina da yaƙinin cewa a wata takarda, a wani ofis, bishiyoyin nan suna nan da ransu, ana ƙirga su.

Ko inda dashen ya rayu, akwai darasi. A Yambawa da ke arewacin Kano, gwamnati ta dasa dogayen layukan bishiyar turare domin su kare gonaki daga iska da rairayi. Layukan sun tsaya da kyau, amma masu bincike da suka auna daga baya sun tarar cewa saiwoyi da inuwar bishiyoyin suna ƙwace wa geron da ke kusa da su ruwa da haske, sai an datse saiwoyin sannan amfanin ke gyaruwa. Manomin da aka yanki gonarsa aka dasa abin da ba nasa ba, aka kuma hana shi taɓawa, ba zai kalli bishiyar nan da idon ƙauna ba.

A ƙetaren iyaka kuwa, a ƙasar Maraɗi, an samu wani labari dabam. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, bayan ya gaji da dashen da ba ya rayuwa, ya lura cewa ƙananan kurmin da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, tohon kututturan bishiyoyin da aka sare ne, kuma saiwoyinsu suna nan da rai a ƙasa. Ya kira abin dajin ƙarƙashin ƙasa. Dabarar ba ta bukatar gandun reno ko tankar ruwa: manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a kan kututture ya bar su, ya datse sauran, ya kare su daga dabba da wuta. Mutanen yankin suka raɗa mata suna sassaben zamani. Abin da ya ba ta ƙafafu shi ne sauyin da aka samu a hankali game da mallaka, domin a da bishiya ta gwamnati ce ko da a gonarka ta tsiro, ma'aikacin gandun daji na iya cin ka tara a kanta. Da manoma suka tabbata cewa abin da suka raina nasu ne, sai gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da bishiyoyi wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Babu wanda ya ce wa waɗannan manoma su ajiye wa duniya kabon. Itacen girki da abincin dabba da albarkar gona suka nema, ajiyar ta biyo baya.

Ba sai mun tsallaka Nijar ba ma kafin mu ga haka. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ta kewaye Kano, ɗaya daga cikin wurare mafi cunkoson manoma a wannan yanki na Afirka. Shi da abokan aikinsa sun tarar cewa duk da yunwar itace da birni ke yi, bishiyoyin cikin gonaki na kusa da Kano ba su ƙare ba, domin kowacce tana da mai ita; dazuzzukan nesa, waɗanda a idon mai gatari ba na kowa ba ne, su ne ke shan sara. Na ga gaskiyar wannan a gonar kawuna a ƙasar Bichi, inda wani tsohon gawo ke tsaye a tsakiya. Bayan cire tallafin mai a 2023, da tsadar rayuwa ta kora mutane da yawa ga gawayi, masu saye suka yi ta zarya suna taya shi. Na ce, "Kawu, kuɗin nan fa ba kaɗan ba ne." Ya ce, "Ɗana, kuɗin wata guda za su yi. Shi kuwa da damina yakan zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya ba tumaki 'ya'ya, ƙasar gindinsa kuma ba ta neman taki. Wa ke sayar da bawan da ba ya cin abinci?" Wannan gawo, da saiwarsa da ta nutsa ƙasa fiye da tsayinsa, shi ne irin rumbun ƙarƙashin ƙasa da Allah ya ba Kano.

Sai dai kada ƙaunar bishiya ta rufe mana ido daga lissafi. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma kowane kilo na kabon yana daidai da kilo 3.67 na iskar. Ke nan hayaƙin dare ɗaya na injin da mahaifina ya kula da shi sai an tara busasshen itace kusan tan ɗaya da rabi kafin a mayar da shi ajiya, abin da bishiyar ƙasarmu mai ƙarancin ruwa za ta shekara da yawa tana tarawa. Kuma rana ɗaya ta gatari ko gobara ta isa ta mayar da shi sama. Saboda haka bishiya ba za ta zama lasisin ci gaba da ƙona gas ba. Rage hayaƙin tun daga tushe shi ne kan gaba, kuma an fara ganin hanyarsa: tashar hasken rana mai megawat 10 da aka buɗe a rukunin Challawa a watan Janairu na 2023, da bututun iskar gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano da aka fara shimfiɗawa a 2020, wanda hayaƙinsa bai kai na dizal ba ko da yake shi ma yana da nasa. Abin da ya rage bayan an rage, shi ne rabon rumbu.

Gwajin da nake fata a yi a Kano ba ya bukatar injin haƙa na biliyoyin naira. Littattafai biyu yake bukata, da masu gaskiya da za su riƙe su. Na farko irin na mahaifina ne: kowace masana'anta a Bompai da Sharaɗa da Challawa ta bayyana man da ta ƙona a wata, a san nauyin abin da ake magana a kai. Na biyu a gona za a ajiye shi: a ware filayen gwaji a ƙasashen Bichi da Dambatta da Gaya da Rano, inda ruwan sama da ƙasa suka bambanta, a lissafa kowace bishiya, a auna kaurinta da igiyar awo shekara bayan shekara, a ɗebi ƙasar gindinta a kai ɗakin bincike. Muna da masu iya wannan a Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta. Idan masana'anta za ta biya, kada ta biya kuɗin tsiron da aka dasa ranar biki. Ta biya manomi a kan bishiyar da aka tarar da rai bayan shekara uku, da biyar, da goma. Yarjejeniyar a rubuta ta da Hausa, a karanta ta a gaban dagaci, a bayyana a fili cewa gona da bishiya na mai su ne, matan da ke tsinkar kuka da ɗorawa ba za a hana su ba, makiyayi kuma a san inda zai bi da inda zai yi sassabe. Sakamakon, mai daɗi da marar daɗi, a buga shi kowa ya gani, kamar yadda aka bayyana na In Salah.

Manomi ba ya yabon rumbu ranar da aka zuba hatsi, domin a ranar kowane rumbu cike yake. Sai bazara ta yi nisa, an buɗe an ga gara ba ta shiga ba, ɓera bai huda ba, sannan a ce maginin ya iya. Haka nan ya kamata mu auna duk wanda zai zo da maganar ajiyar hayaƙi, baƙo ne ko ɗan gida: mu ce ya nuna mana inda zai ajiye, da sunan wanda zai yi gadi, da abin da mai gadin zai ci, da ranar da za a dawo a buɗe a ƙirga. Dutsen da ke ƙarƙashin Kano ya riga ya ba da tasa amsar. Saura mu ji ta bakin masu gonaki, kuma ba za su amsa ba sai an je an same su a gindin bishiyoyinsu, an zauna an yi ciniki da su kamar yadda ake yi da duk mai kaya.